Mota ta zo babu safaya: in dogara da ruwan faci ko in sayi taya?

Mai neman shawara: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na karɓi mota ƙirar shekarun nan, da na ɗaga shimfiɗar but don in duba safaya sai na tarar da wani soso mai tauri, a cikinsa an jera gora mai farin ruwa da ƙaramin famfo mai waya. Babu taya, babu jak, babu sifanar kwance noti. Wanda ya sayar mini ya ce haka kamfani ya fito da ita. Tayoyin 215/55R17 ne, noti biyar, kuma da gaba take ja. Shin gaskiya ya faɗa ko zare tayar aka yi? Gorar nan ta isa mutum ya kama doguwar hanya da iyali? In kuma zan sayi safaya, kowace mai rami biyar za ta hau?

Bakanike: Wa alaikumus salam. Malam, da wuya a ce zare ta aka yi. Soson nan da aka yanka wa gora da famfo gurbi daidai da su, aikin kamfani ne. In kana so ka tabbatar, buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, inda ake rubuta iskar taya. Motar da ta zo da safaya tana da layi na uku mai lambar safayar da iskarta; wadda ba ta zo da ita ba, layin wayam ne ko an rubuta babu.

Abin ya daɗe da zama ruwan dare. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta lissafa cewa kashi 28 cikin ɗari na sababbin motocin 2017 babu safaya a kayan da suka zo da shi. Taya da wili da jak suna kai kilo 15 zuwa 20, kamfanoni kuwa kowane kilo farautarsa suke yi don shan mai da hayaƙi su ragu a gwajin hukuma. Ga kuma matsalar wuri: a motoci masu haɗa fetur da lantarki batir ya cinye ramin, a wasu masu dizal tankin AdBlue, ruwan rage gubar hayaƙi, ne a wurin, a wasu kujerun layi na uku. Motocin Tesla duk babu safaya suke zuwa. Sai dalilin da ba a son faɗa, gora ta fi taya araha ga kamfani.

Mai faci: Ranka ya daɗe, bari in yi maganar gorar, tunda nan ne ɓangarenmu. Ruwan roba ne. Abin da yake iya toshewa shi ne hudar ƙusa ko sukuru a kan haƙoran taya, wadda faɗinta bai wuce milimita 6 ba, wasu ma 4 aka rubuta a jikinsu. Ban da wannan ba ya komai. Taya ta tsage a gefe, ko ta yi ƙwai ta fashe, ko bakin wili ya lanƙwashe bayan an faɗa rami, ko an ja ta babu iska har gefen ya niƙe, to ko gora goma ka ɗura zubewa za su yi a ƙasa. Tayarka kuma gefenta bai kai santimita 12 ba, irin su ne rami ke matsewa tsakanin wili da kwalta ya yanka.

In ƙusa ce, kada ka zare ta, ita ce rabin toshiyar. Girgiza gorar, haɗa ta da famfo da bawul yadda hoton jikinta ya nuna, sa wayar a soket na bolt 12, ka bar inji a kunne don kada batir ya sauka. Da farko geji zai yi tsalle sama, ruwan ne ke shiga, kada ka ɗauka taya ta cika. Kada famfon ya wuce minti 10 yana aiki, ƙonewa yake yi. In a cikin wannan lokaci iska ba ta kai wajen bar 1.8 ba, wato psi 26, hudar ta fi ƙarfinsa, kira janwe. In ta kai, tashi nan take ka yi tafiyar kilomita 5 zuwa 10 don ruwan ya zagaye cikin taya, sannan ka tsaya ka sake aunawa. Ƙasa da bar 1.3 kada ka ci gaba. Sama da haka ka cike iskar, ka tafi ba tare da wuce kilomita 80 a awa ba, kai tsaye wurin mai faci, kuma ka gaya masa akwai ruwa a ciki kafin ya kwance, don dole a wanke taya da wili da na'urar awon iska da ke maƙale da bawul.

Duba kwanan wata a jikin gorar yau ɗin nan. Shekara 4 zuwa 5 yawanci take yi, bayan nan ruwan ya dunƙule. Kuma amfani ɗaya ake yi da ita. Da babu gara ba daɗi, amma ni ban ba ka shawarar doguwar hanya da ita kaɗai ba.

Mai sayar da wili: Alhaji, rami biyar ba ya nufin komai sai an san tazarar ramukan. Yawancin manyan motocin Toyota da Honda da Nissan da Hyundai 5x114.3 ne, wato rami biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3, Mercedes da Volkswagen da Audi 5x112, tsofaffin BMW 5x120, wasu ƙanana 5x100. Tsakanin 114.3 da 112 milimita 2.3 ce kacal, ido ba ya gani, kuma in aka matsa noti zai shiga. Nan hatsarin yake, don kowane bol a karkace yake ɗaukar nauyi, sannu a hankali ya saki ko ya karye a kan gudu.

Na biyu ramin tsakiya. Na Toyota yawanci milimita 60.1 ne, Honda 64.1, Nissan 66.1, Hyundai da Kia da Mazda 67.1. Mai babban rami zai hau ƙaramin kai, wato ƙarfen da wili ke zama a kansa, sai dai yana iya kawo rawar sitiyari in ba a sa masa zobe ba. Mai ƙaramin rami kuwa ba zai zauna ba ko kaɗan. Na uku mazaunin noti: akwai mai tsini, akwai mai zagaye irin na Honda da Volkswagen, akwai shimfiɗaɗɗe mai washa. Notin wilin alminiyam ba kullum yake kama wilin ƙarfe ba, kuma a wasu Mercedes wilin ƙarfe gajerun bol yake so, dogayen su zarce su taɓa kayan birki. Sai lambar ET da aka buga a bayan wili, ita ke nuna yadda zai shige ciki ko ya fito waje.

Hanya mafi sauƙi, nemi safayar irin motarka daga ƙirar da ta zo da ita, da jak ɗinta da sifana da sukurun da ke ɗaure ta a ƙasan but. Kafin ka biya, a ɗaga mota a ɗaura ta a gaba, a juya da hannu. Birkin gaba ya fi na baya girma, wili da yawa yana hawa baya ya ƙi gaba.

Mai neman shawara: Allah ya saka da alheri. An nuna mini wata siririyar safaya sabuwa fil, T125/70D16, 5x114.3 daidai da tawa, kuma na cire soson na ga akwai rami zagayayye a ƙasa. In ɗauka?

Mai sayar da wili: A'a, bar ta. Yi lissafin tsayi: kashi 55 cikin ɗari na faɗin taya 215 ya ba da tsayin gefe milimita 118, sau biyu 236, a haɗa da inci 17 wato milimita 432, tayarka ta tashi milimita 668. Wadda aka nuna maka 581 ce. A kowace kilomita za ta yi juyi kusan 70 fiye da 'yar'uwarta, kwamfutar birki ta ɗauka taya ɗaya tana sulɓi, fitilun ABS, na'urar hana taya kullewa a birki, su kama, giyar da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba ta yi ta aiki ba hutu. Nemi T155/70D17 ko T135/90D16, dukansu wajen 649 suke, ta inci 16 ɗin sai in ba ta taɓa birkinka ba. Kuma wannan "sabuwa fil" ɗin, karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT a gefenta. In ka ga 2314, mako na 23 ne na 2014. Safaya tana tsufa ko ba ta taɓa ƙasa ba, wadda ta kai shekara 10 ba a saye.

Direban doguwar hanya: Ni ina da ja a kan siririyar gaba ɗaya. Kilomita 80 a awa ce iyakarta, haƙoranta ba su da zurfi, ba a yi ta don tafiyar da nisanta ya wuce kilomita 80 zuwa 100 ba, birki yana ƙara tsawo, kwana tana santsi. Mai iyali da kaya cike da but, in ramin zai ɗauka, ya sa cikakkiyar taya 215/55R17 a kan wilin ƙarfe ya huta. Auna ramin da tef: kana buƙatar faɗin santimita 68 da zurfin aƙalla 22. Yawanci zurfin ne ke gazawa, sai shimfiɗar but ta ɗago da ɗan yatsa uku ko huɗu. Wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne a jefa taya a but ba ɗauri, musamman a motar da but ɗinta a haɗe yake da kujeru. Kilo 20 a karo yana iya kashe na baya. A ɗaure ta da sukuru ko da bel a ƙugiyoyin but.

Wata 'yar zaure: Malamai, me zai hana ya sa tayoyin nan masu tafiya ko babu iska, irin na BMW, ya huta da duka wannan?

Mai faci: Hajiya, suna aiki, gefensu mai kauri ne yana ɗauke mota kilomita 80 a kan gudun da bai wuce 80 ba. Amma dole motar ta zama tana da fitilar gargaɗin iska, in ba haka ba direba ba zai san ta sace ba. Sun fi tauri a kan gargada tunda shakazobar motarsa ba don su aka saita ta ba, kamfanonin taya da yawa ba su yarda a yi musu faci bayan an ja su babu iska, kuma huɗu zai saya a tare. Tsaga babba a gefe su ma tana kayar da su. Abin da zan ƙara masa mai sauƙi shi ne kayan facin tubles, igiyar roba mai danƙo da allurarta da abin goge rami. Da famfon da ya riga ya samu, ƙusa a tsakiyar haƙora minti 10 ce, kuma ba ta ɓata cikin taya kamar ruwan gora. Daga baya a kwance a yi faci ta ciki.

Bakanike: Malam, duk wadda ka zaɓa, jak ɗin ya zama mai ɗaukar nauyin motarka, bakinsa kuma ya dace da wurin ɗagawa, wato tsakanin 'yan yanka biyu da ke ƙasan gefen mota kusa da kowace taya. In mai batir a ƙasa ce, kuskuren wuri yana iya lotsa akwatin batir. Duba ko tayoyinka suna da notin sirri, in akwai, makullinsa ya zauna tare da sifana.

Wajen canji: ƙasa mai tauri kuma shimfiɗaɗɗiya, hanbirki, giya a P, waigi a tayar ɗaya gefen da ta fi nisa da wadda za ka canza. Sassauta noti rabin juyi tun taya tana ƙasa, sannan ka ɗaga. Ɗaura da hannu tukuna, ka matse a tsallake, ɗaya ka bar ɗaya, ka ƙarasa bayan ka sauke. Ƙarfin ɗauri yana littafin mota, da ma'aunin Nm ake rubuta shi, yawanci 100 zuwa 140, na Toyota da yawa 103. Kada a hau sifana da ƙafa, kada a shafa wa bol mai. Bayan kilomita 50 ka sake bin notin.

Tunda da gaba motarka take ja, in ta gaba ce ta fashe kuma siririya gare ka, musamman ana ruwa ko tafiyar da sauran nisa, sa siririyar a baya ka kawo ta bayan gaba. Aiki biyu ne, amma sitiyari da ja da yawancin birki duk a gaba suke. Sannan siririya psi 60 take so, bar 4.2, kusan ninkin na sauran tayoyi, kuma tana sace psi 1 zuwa 2 a wata ko ba a taɓa ta ba. Auna ta duk wata, da duk lokacin da za ka kama hanya, ka kuma kwantar da ita ta yadda bawul ɗinta zai kalli sama don geji ya kai gare shi ba sai an fito da ita ba.