Musayar Waƙa: Jan Fure da Ruwan Ɗorawa

Ɗalibin Ƙofar Guga, Katsina:
Assalamu alaikum, iyaye da malamai. Ɗorayin da ke bakin hanyar Malumfashi sun yi fure a bana, kuma ganinsu ya tayar mini da wata tambaya game da sunan bishiyar, wadda na ga ya dace in gabatar muku da ita cikin baiti.

Da sunan Allah Mai iko nake farawa,
Wanda ke raya itace bayan bushewa.
Bazara ta shigo, rana tana ƙuna,
Sai ga fure ya ɓullo a kan ɗorawa.
Ja wur yake, a dunƙule yake reto
Daga dogon tsinke, iska na kaɗawa.
Amma in Bahaushe ya ce ruwan ɗorawa,
Rawaya yake nufi, babu musawa.
To, ina jan furen ya shiga cikin sunan?
Malamaina, gare ku nake jiran amsawa.

Gwaggo mai daddawa, Daura:
Wa alaikumus salam, ɗana. Wannan tambaya tamu ce ta masu turmi da ƙwarya, don haka malamai za su yi mini haƙuri in riga su.

Ɗana, wanda ya sa wa launin suna,
Ba fure ya duba ba wurin raɗawa.
Jira ya yi 'ya'yan su bushe a reshe,
A sa ƙugiya a janyo, yara na tsincewa.
In ka ɓare ɓawon, gari ne rawaya,
Mai zaƙi, da ruwa muke damawa.
Hannu ya rine, leɓe ya rine, har ƙwarya,
Wannan launin shi ake ambatawa.
Fure ɗan kwanaki ne, sai ya kaɗe,
Gari kuwa har cikin damina yake kaiwa.
Sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba,
Shi ke tsare yaro daga kukan yunwa.
Ƙwayar da ke tsakiyarsa kuma,
Ba ɗorawa muke ce mata ba, sai kalwa.
A dafa ta har ta yi laushi, a surfe,
A wanke tas, a mayar da ita ga dafawa.
A rufe ta ruf kwana biyu ko uku,
Ƙamshinta ne ke shaida ta kai ga nunawa.
A daka, a mulmula, a shanya a rana,
Daga nan sunanta ya koma daddawa.

Malam na Unguwar Alƙali, Katsina:
Allah ya ƙara girma, Gwaggo, kin yi bayanin da babu abin ragewa a cikinsa. Abu ɗaya zan ƙara, shi ne cewa Bahaushe ba ya wahalar da kansa wajen ba kowane sashe na bishiya sunansa daban sai idan bishiyar ta shiga rayuwarsa ƙwarai.

Ɓawon da Gwaggo ta ɓare ta ajiye,
Magini ba ya barin a yi zubarwa.
A jiƙa shi a ruwa ya yi kwanaki,
Makuba ce daga ciki take fitowa.
Da ita ake yayyafa wa daɓe ya yi ƙarfi,
A shafa wa katangar ƙasa don ɗorewa.
In bishiyoyin sun taru, ɗorayi ne,
Akwai Ɗorayi a Kano, kowa na zuwa.
Ga Ɗorawar Sallau a hanyar Zariya,
Sunan gari ne, matafiya na tsayawa.

Ɗalibar ilimin tsirrai, Katsina:
Allah ya gafarta Malam, ina neman izininka da na Gwaggo in kare furen, domin na ga an wuce shi da sauri. A littattafanmu ana kiran bishiyar Parkia biglobosa. Masanin tsirrai Robert Brown ne ya ƙirƙiri sunan Parkia a 1826 don tunawa da Mungo Park, Bature matafiyi wanda ya mutu a Busa a 1806, kuma ya yi hakan ne a ƙarshen littafin tafiyar Turawa matafiya Denham da Clapperton, shi Clapperton ɗin da ya ratsa Katsina a 1824 a kan hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato. Kashi na biyu na sunan yana nuni ne ga siffar furen, wadda take dunƙule biyu a haɗe, ƙarami a sama da babba a ƙasa.

Gwaggo, masana sun duba furen,
Daga siffarsa suka yi laƙabawa.
Ba fure ɗaya ba ne wannan dunƙulen,
Ɗaruruwa ne ƙanana ke haɗuwa.
Da magariba suke buɗewa da zaƙi,
Jemagu su zo da dare suna lasawa.
Su kwashi ƙurar furen a gashin jikinsu,
Daga bishiya zuwa bishiya suna kaiwa.
Da asuba ƙudan zuma su biyo sawu,
Da haka 'ya'ya ke samun ƙulluwa.
Wanda ya kori jemage daga reshe,
Garin bana da kalwa yake korewa.

Baba manomi, Mashi:
'Yata, Allah ya yi wa karatunki albarka, kin sa na daina ganin laifin jemage. Sai dai abin da ke damuna ya wuce furen da garin.

A gonar ubana ɗorayi ne a jere,
Ko mai sayen gona ba ya taɓawa.
Yau masu gawayi sun shigo da gatari,
Kututture kawai muke ƙirgawa.
Jikana in ya ga riga rawaya,
Yalo yake cewa, bai san ɗorawa.
Miya ta koma ga dunƙulen kanti,
Mai kalwa a kasuwa tana raguwa.
Ina so in maye gurbin waɗanda aka sare,
Gwaggo, yaya ake yi wurin shukawa?

Gwaggo mai daddawa, Daura:
Yaya, zan aiko maka da kalwar bana wadda ba ta ga wuta ba, domin wadda aka dafa ba ta tsira.

Fatarta tauri gare ta, sai an jiƙa,
Ka zuba ruwan zafi, ta kwana tana shanyewa.
Ka shuka a leda tun kafin ruwa ya sauka,
Damina ta kankama, ka yi dasawa.
Ka kewaye ta da ƙaya saboda awaki,
Ka jira shekaru kafin ta fara haihuwa.