Wake na yaushi da rana, saiwa duk ƙululu: wa ya taɓa gani?

Manomin Wurno:
Salamu alaikum. Bana na sa wake a fadamar da munka cire tumatir. Ruwa bai yanke ba, amma da rana ta take sai ganye ya langaɓe kamar an yi mako ba ruwa, da la'asar ya miƙe. Kuma ba gonar duka ba, wuri-wuri ne, ya tsugune ya yi ɗorawa. Na tumɓuke guda, saiwar duk ƙululu kamar carbi. Ko ƙuduji ne?

Baban Goronyo:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ƙuduji ai sama yake fitowa ka gan shi da ido. Wanga tsutsar saiwa ce, ta tumatir ɗin ce ka gada. Shekara uku ina maimaita tumatir da kuɓewa a wuri guda, na zo na sa wake, ko kuɗin iri ban fidda ba. Inda ƙasa ke da rairayi nan ta fi ɓarna.

Ɗalibin aikin gona:
Gaskiyar Baba. Sunanta Meloidogyne, ido ba ya ganinta. Tana shiga saiwa ta zauna, wurin ya kumbura, ruwa da taki su kasa hawa sama. Mace guda na zuba ƙwai ɗaruruwa, kuma da zafi irin namu cikin mako 3 zuwa 4 an yi sabon zubi. Amma Malam, ka duba da kyau: wake na da nashi ƙwayoyin na arziki a gefen saiwa, masu ƙara wa ƙasa ƙarfi. Su in ka murza da yatsa sai su ɓalle, cikinsu jaja-jaja. Na cutar kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura, ba ya ɓallewa.

Manomin Wurno:
Na murza yanzu. Bai ɓalle ba.

Mai albasa daga Kware:
Allah shi kyauta. Ni da dashe ta shigo mini, tumatir na saya a kasuwa ban duba saiwa ba. Na ƙara buhun taki har biyu ina zaton yunwa ce, asara kan asara. Abin da ya taimake ni: na tumɓuke duka na ƙone, na yi kaftu da bazara rana ta gasa ƙasar, na zuba kashin kaji da dakakken 'ya'yan dogon yaro. Ba ta ƙare ba, amma ta yi sauƙi sosai.

Baban Goronyo:
Ni gero da dawa na juya wa wurin damina biyu kafin wake ya koma. Kuma ka wanke fartanya in ka fito daga wurin, ruwan da ya bi ta nan kar ka sake shi zuwa wani fangali.

Manomin Wurno:
To Baba, waken da ke tsaye fa? Ya fara fure.

Baban Goronyo:
Inda ya yi kyau ka bar shi ya kai. Wanda ya tsugune ka cire, harawa ga tumaki, saiwar kuma wuta.