Gurbin koyon aiki a gidajen adana kayan fasaha na Amurka: wa ya san hanya?

Hadiza: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na kusa kammala digiri na biyu a tarihin fasaha, kuma burina in koyi aikin kula da kayan gidan tarihi da shirya baje koli a Amurka. Duk sanarwar da na buɗe sai in ga mai digiri na uku suke nema. Ta ina ɗan koyo ke shiga?

Yaya Auwal: Wa alaikumus salam. Kin faro daga sama ne, ƙanwata. Guraben bincike na Met, wato babban gidan fasaha na Metropolitan a New York, galibi na masu rubuta kundin digiri na uku ne ko waɗanda suka gama. Ki duba cibiyar fasaha ta Getty a Los Angeles. Suna ɗaukar masu digiri na biyu kusan shekara guda, da alawus, kuma 'yan ƙasashen waje na iya nema. Da kaka ake rufe karɓar takardu, kada ki yi sanya.

Anti Bilki: Ki ƙara da Studio Museum da ke Harlem, wanda aka kafa a 1968 domin ayyukan baƙar fata. Suna da shirin haɗin gwiwa na shekara 2 da MoMA, gidan fasahar zamani na New York, ki yi ɗaya nan, ɗaya can. Akwai kuma gurbin koyon aiki mai sunan Romare Bearden a gidan fasaha na Saint Louis. Amma Hadiza, kada ki raina ƙananan gidajen tarihi na jami'o'i. A irinsu na koyi aiki. Satina na uku aka jawo mini wata doguwar durowa, ga babbar riga kwance cikin farar takarda, shuninta har yanzu da ƙyalli. Katin da ke jikinta “Yammacin Afirka” kawai ya ce. Ina ganin aikin wuyan na gane aska takwas ce, irin ta kakana. Na shafe wata 2 ina bin takardun wanda ya kawo ta, ina auna ko ɗinkin Hausa ne ko na Nufe, kuma ni aka ba rubuta sabon bayanin. A babban gida da wuya sabon shiga ya taɓa kaya da wuri haka.

Hadiza: Anti, wallahi har tsigar jikina ta tashi. Ashe Hausata da ɗan ajamin da na iya abin sawa ne a takardar nema?

Anti Bilki: A layin farko ma kuwa. Masu karanta ajami ba su da yawa a can.

Malam Nasiru: Ni maganar biza zan ja miki kunne. Wani gida ya yi mini ganawa har sau 2, sai daga baya suka ce mai izinin aiki suke so. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Tun kafin ki cike komai ki tambaya ko suna ɗaukar nauyin J-1, wato bizar masu zuwa koyon aiki ko karatu ta shirin musaya. In kuma za ki ƙara karatu, akwai kwalejojin Bard da Williams, shekara 2 kowanne. Ki ɗauki misali da Ugochukwu-Smooth Nzewi, ɗan Najeriya mai shirya baje koli: a jami'ar Nsukka ya yi karatu, ya yi aiki a gidan Hood na Dartmouth da na Cleveland kafin MoMA ta ɗauke shi a 2019.

Hadiza: Allah Ya saka da alheri. Anti, zan turo miki wasiƙar neman ki duba mini daren Juma'a.

Anti Bilki: Turo, haɗe da bayanin kaya guda ɗaya da kika rubuta, kada ya wuce kalma 100.