Ta yaya namijin walrus yake waƙa a ƙarƙashin ruwa ba tare da ya shaƙe ba?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum, malamai. Ana cewa namijin walrus, dabbar nan mai haure biyu ta tekun ƙanƙara, yakan yi kira a ƙarƙashin ruwa lokacin barbara. To abin da ya ɗaure min kai shi ne, da huhu yake numfashi kamar mu. In ya buɗe baki ai ruwa zai cika shi. Da me yake fitar da sautin? Kuma shin danginsa ɗaya da ayun da ke ruwan Legas?

Malamin Kimiyya, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari mu fara cire ayu daga maganar. Ayu ciyawa yake ci, ruwa mai ɗumi yake so, kuma a jini ya fi kusa da giwa. Walrus kuwa ɗan gidan su kare da beyar ne ta nesa, abincinsa ƙananan dabbobi masu ƙwanso da yake tsotsowa daga laka, mazauninsa tekun arewa, wajen Alaska, Rasha, Kanada da Girinlan.

Amsar tambayarka ita ce ba ya buɗe baki. Sautin da yake yi a cikin ruwa ba daga maƙogwaro yake fitowa yadda muryarmu take fitowa ba. Na farko akwai ƙwanƙwasa, kamar mutum na buga ƙyauren katako da sauri, wani bugun mai nauyi, wani mara nauyi. Lokacin da yake yinta ana ganin goshinsa na motsi, amma ko kumfa ɗaya ba ta fita. Na biyu shi ne wanda ya fi ban mamaki, wato sauti irin na kuge, mai amo da ke daɗewa kafin ya mutu. Wannan daga jakunkunan iska biyu yake fitowa, waɗanda suka taso daga maƙoshi suka miƙe ta gefen wuya. A babban namiji suna iya ɗaukar iskar da ta kai lita 50, wato jarka biyu ta lita 25. Iskar tana kulle a ciki, ita ke amsa amo, kamar cikin ganga. Da waɗannan jakunkuna ne kuma yake yin barci a tsaye cikin teku, kansa a sama, bai nutse ba.

Fito da huci sai ya ɗago kai sama da ruwa yake yinsu, da leɓe da hanci.

Hajiya Mai Nazarin Teku:
Malam ya yi bayani, sai dai a ƙara da tsarin waƙar, don a nan ma'anar take. Ba hayaniya ce ta kara-zube ba. Lokacinta daga Janairu zuwa wajen Afrilu, tsakiyar hunturu. Mata suna kwance a kan ƙanƙara, maza na cikin ruwa a gefensu, kowa ya kama wurinsa. Namiji zai nutse na minti 4 zuwa 6 yana jera ƙwanƙwasa da amon kuge bi da bi, ya taso na minti 1 zuwa 2 ya sha iska ya yi fito, ya sake komawa. Ian Stirling da Becky Sjare, waɗanda suka daɗe suna naɗar sautinsu a arewacin Kanada, sun samu wanda ya yi awa 81 yana wannan zagaye. Sama da kwana uku ke nan, cikin ruwan da ke dab da daskarewa.

A ganina wannan shi ne ainihin saƙon. Dabbar da ta haura tan ɗaya, mai haure da ka iya kai mita guda, faɗa a wurinta ba wasa ba ne, rauni ne ko mutuwa. Waƙar tana sanar da mata da sauran maza cewa ga mai ƙarfin numfashi da kitsen da zai jure, tun kafin a kai ga haure. Shi ya sa saurayin namiji, ko da ya balaga, da wuya ya samu mace sai ya kai wajen shekara 15. Kuma ruwa na taimaka masa: sauti na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa a cikinsa, ninki huɗu da ɗoriya na gudunsa a iska, yana kuma zuwa nesa.

Injiniya Apapa:
Hajiya, akwai sauti na uku da yake yi a cikin ruwa, wato tafi. A 2021 Ole Larsen da Colleen Reichmuth sun wallafa bincike kan wani namiji da aka raina a gidan dabbobi a Kalifoniya. Yana haɗa hannayensa na gaba a ruwa da ƙarfi, ƙarar ta kai wajen desibel 200 a ma'aunin ƙarfin sauti. Kyamara mai saurin ɗauka ta nuna ba karon fata da fata ne ke ƙarar ba. Saurin bugun ne ke sa matsin ruwa ya faɗi tsakanin hannayen, kumfa ta tururi ta samu, sai ta rufta nan take. Duk makanikin injin kwalekwale a Ikorodu ya san wannan kumfar, ita ke cinye bakin farfela har ta yi ramuka. A lura dai, namiji ɗaya ne kuma na gida.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne kwatanta desibel 200 ɗin nan da ƙarar jirgin sama. Ma'aunin ruwa daban, na iska daban, sai an rage kusan 62 kafin a gwada su.