Don Allah a taimaka, Cyclops ɗina sai karo da duwatsu yake yi

Sabon Matuƙi: Salamu alaikum 'yan uwa. Sati uku ke nan ina buga Subnautica, wasan bidiyo na ƙarƙashin teku. Da ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa Seamoth na saba, shi kam inda na kalla nan yake bi, ko sama ko ƙasa. Na sha wahalar tattara gutsattsarin Cyclops, wato babban jirgin ƙarƙashin ruwa, injin ma sai da na kwana biyu ina nema, ƙanena ya goge min wasan farko, wannan na biyu ne. To na gina shi, na saka masa na'urar zurfi ta farko, yanzu yana kai mita 900 maimakon 500. Matsalar ita ce duk lokacin da zan shiga kogon Lost River sai in ji gwaf daga baya. Ina cikin duhu, ban san gabas ba, ban san ko hancin jirgin ya sunkuya ba. Jiya har gobara ta tashi. Akwai wata na'ura da ke nuna karkatar jirgi?

Kyaftin: Wa'alaikumus salam. Ɗan uwa, na'urar da kake nema ba ta da aikin yi, domin Cyclops ba ya sunkuyawa. A miƙe yake kullum, sama da ƙasa yana yin su ne kamar lif. Tsawonsa mita 54, kai kuma kana can gaba a hanci, idan ka juya wutsiyar ce take sharar dutse. Kyamara uku gare shi: ta sama, ta ƙarƙashin ciki, ta wajen farfela. Ka koyi tuƙi da su. Kuma gobarar nan na rantse a gudu na uku kake, shi ke zafafa injin.

Sabon Matuƙi: Kyamarar tana juya min kai, shi ya sa na bar ta. Gudun kuwa dole ce ta sa, wani farin dodo ne ya biyo ni.

Kyaftin: Ghost Leviathan ne. Ƙarar injin ce take kiransa. Ka koma gudu na ɗaya, ka kunna tafiyar shiru, ka bi gefen bango.

Maman Twins: Ni fa Malam Kyaftin tafiyar shirun nan ce ta shanye min batir shida kaf a ƙasan teku. Haka na bar jirgin da duk kayana a ciki, har yau ban koma ba. Ƙanena ka ɗauki Prawn, na'urar nan mai ƙafafu da ake shiga cikinta, ka taka da ƙafa, ka huta.

Ɗan Ruwa: Ku kuna ma da jirgi. Nawa Seamoth ɗin dodon nan Reaper ya cafke shi a bayan Aurora, jirgin sararin samaniyan da ya faɗo cikin teku, ina ji ina gani.

Kyaftin: Hajiya, wannan rashin shiri ne, ba laifin jirgi ba. Ana tafiya da batir na ajiya a loka. Kai kuma Sabon Matuƙi, kana ma da kamfas a jikinka? Ta wace ƙofa kake shiga kogon, ta yankin Blood Kelp ko ta yankin Deep Grand Reef?

Sabon Matuƙi: Ban san sunan wurin ba, akwai dai wasu jajayen abubuwa. Kamfas ban ƙera ba, a ganina ba ya nuna sama da ƙasa, to me zai min?

Ɗan Ruwa: Ka jefa beacon, na'urar sa alama a wuri, a bakin kogon mana. Idan a kwamfuta kake, danna F1 za ka ga lambobin inda kake.

Kyaftin: F1 ai satar amsa ce. Ya ƙera kamfas da sona, na'urar da ke nuna siffar wuri a cikin duhu, kawai.

Maman Twins: Sonar ma batir take ci.

Sabon Matuƙi: Na gode duka. Amma ni dai har yanzu ji nake jirgin nan yana karkacewa. Zan sake gwadawa da daddare, da gudun da na saba.