Jamhuriyar Rif: ƙasa ce ta gaske, ko sansanin yaƙi ne aka yi wa suna?

Abdulmumini, Aboabo

Assalamu alaikum, malamaina da iyayena. Bara da muka je ziyara Fas a ƙasar Maroko, direban da ya ɗauko mu daga Tanja ya nuna mana wasu duwatsu ta hannun hagu, ya ce can ne ƙasar Abdulkarim, mutumin da ya kafa jamhuriya Turawa suna ji suna gani. Tun da na dawo Kumasi maganar take cina. Shin an taɓa yin ƙasa mai wannan suna, da gwamnati da alƙalai, ko kuwa bore ne kawai? Kuma me ya kashe ta?

Malam Haruna, Asawase

Wa alaikumus salam, ɗana. Direban bai yi maka ƙarya ba. A 1912 aka raba Maroko, Faransa ta ɗauki kaso mai tsoka, aka bar wa Sifaniya arewa, inda duwatsun Rif suke. Muhammad bin Abdulkarim Alkhaɗɗabi ɗan garin Ajdir ne, ya yi karatu a Ƙarawiyyin da ke Fas, kuma abin da mutane ba su cika sani ba shi ne ya daɗe yana yi wa Sifaniyawa aiki a Melilla: ya koyar, ya yi rubutu a jarida, har ya zama alƙalin alƙalai, kafin su ɓata su ɗaure shi, ya karye a ƙafa garin ƙoƙarin tserewa. Saboda haka ya san cikinsu tun kafin ya ɗauki bindiga.

Zuwa farkon 1921 Janar Silbestre na Sifaniya ya kutsa cikin duwatsu ya baza sojojinsa a ƙananan sansanoni waɗanda galibinsu ba su da ruwa, sai an ɗebo daga nesa. Mayaƙan Rif suka tsare hanyoyin ruwan, rundunar ta watse a Anwal a watan Yuli, janar ɗin ya mutu, kuma sojojin da Sifaniya ta rasa a waɗannan makonni ba su gaza 8,000 ba. Da makaman da aka bari a fili, da kuɗin fansar fursunoni, peseta miliyan 4 da aka biya a farkon 1923, Abdulkarim ya gina mulkinsa, Ajdir ce babban birni.

Malama Rabi'atu, Sabon Zongo

Allah ya ƙara wa Malam sani. Ina so in tsaya a kan kalmar jamhuriya, domin kada Abdulmumini ya ɗauka irin wadda Gana ta zama a 1960 ce. Ba a kaɗa ƙuri'a ba. Shugabannin ƙabilu ne suka yi masa mubaya'a, ana kiransa amir, kuma manyan muƙamai suna hannun danginsa, ƙaninsa Mahammad shi ne jagoran mayaƙa. Duk da haka ban yarda a kira ta bore kawai ba. Mutumin da ya hana ramuwar gayya ta jini a tsakanin ƙabilun da suka gaji kisan juna kaka da kakanni, ya naɗa alƙalai masu hukunci da shari'a, ya karɓi haraji, ya kafa soja mai albashi, ya sa aka share hanyoyi aka ja wayar tarho a kan duwatsu, ai mulki yake yi. Abin da ta rasa shi ne amincewar duniya, domin babu ƙasa ko ɗaya da ta karɓe ta, duk da wasiƙun da ya yi ta aikawa Turai.

Alhaji Garba, Alabar

'Yata ta yi gaskiya. Game da abin da ya kashe ta, a ganina buɗe fage na biyu ne. Muddin Sifaniya kaɗai yake fuskanta, nasara tana hannunsa, har suka janye daga Shafshawan a ƙarshen 1924. Amma a Afrilun 1925 mayaƙansa suka haye kogin Warga suka auka wa sansanonin Faransa, har suka yi kusa da Fas. Wasu suna cewa ba shi da zaɓi, tun da Faransawa sun riga sun mamaye yankin da Rif take samun hatsi, kuma wannan uzuri ne mai ƙarfi, sai dai sakamakon bai canja ba: kishiyoyi biyu suka haɗa kai. Faransa ta turo Mashal Petan, Sifaniya ta sauke sojoji ta teku a gaɓar Alhusaima ranar 8 ga Satumba, cikinsu har da Faranko wanda daga baya ya mulki ƙasarsu, jiragen Sifaniya kuma suna zuba iskar guba a kan ƙauyuka da kasuwanni. A watan Mayun 1926 ya miƙa kansa ga Faransawa, ba ga Sifaniyawa ba, don ya san abin da ke jiransa a can.

Ɗana, idan kana son ka fahimci abin da ya biyo baya, taka zuwa Manhyia, fadar Sarkin Asante. Yadda Ingilishi suka kai Sarkin Asante Nana Prempeh na ɗaya tsibirin Seshel, bai dawo Kumasi ba sai 1924, haka Faransa ta kai Abdulkarim tsibirin Reyuniyon, a teku ɗaya. Yaa Asantewaa ma, wadda ta jagoranci Asante a yaƙi da Ingilishi, a Seshel ta rasu a 1921, shekarar yaƙin Anwal.

Abdulmumini, Aboabo

Na gode, Baba. Shi ma ya koma gida kamar Prempeh?

Alhaji Garba, Alabar

Bai koma ba. A 1947 jirgin ruwan da ke ɗauke da shi zuwa Faransa ya tsaya a bakin mashigin Suwes, ya sauka ya nemi mafaka a Masar. Ko da Maroko ta sami 'yanci a 1956, ya ƙi komawa muddin akwai sojan Turawa a ƙasar, har ya rasu a Alƙahira a watan Fabrairun 1963, can kuma kabarinsa yake.