Musayar Waƙa: Lalibela, Birnin da Aka Sassaƙa

Baba Ɗanlami: Jama'a, na dawo daga Habasha, amma Lalibela ta ƙi fita raina. Ga baitina, amsa-amonmu "wa".

Na hau duwatsun Lasta da sanyin asuba,
Na ce ina majami'ar? Ban ga gini a gaba ba,
Jagora ya ce, Baba, ƙarƙashinka ka duba,
Sai ga gicciye a rami, ƙafata na rawa.

Bete Giyorgis ke nan, dutse guda aka sara,
Ba daga tushe ba, rufi suka fara,
Babu tubali ciki, babu azara,
Daga sama zuwa ƙasa aka yi sassaƙawa.

Ladi 'Yar Jos:

Baba barka da hanya, da can Roha sunanta,
Gidan Zagwe a nan suka shimfiɗa sarauta,
Zuma ta yanyame jariri, an ce uwa ta furta:
Lalibela, zuma ta san mai mulki na zuwa.

A 1187 Ƙudus ta koma hannun Salahuddini,
Aka ce Sarki Lalibela ya so wata Ƙudus a kan tsauni,
Majami'u 11, duk sara ne ba gini,
Rafin da ya ratsa su, Yordanos ake cewa.

Sani Magini:

Yaya Ladi, an ce mala'iku ke karɓar aikin da dare,
Ni dai da guduma na girma, har yau muna tare,
In ka yi kuskure a nan, wa zai mayar da abin da ka sare?
Masassaƙan da aka manta sunansu nake jinjinawa.

Har magudanar ruwa suka haƙa don damina,
Wannan ya fi tagogin tsaya mini a raina.

Hajiya Mairo:

Ɗana Sani, ka rage baiti biyu, na cike maka:
Habasha ta sauki Sahabbai, mun san alherinta tun daga Makka,
A 1270 Yekuno Amlak ya ture Zagwe, tambari ya yi ƙaura,
Fada ta tashi, masu ibada ba su bar zuwa.

Baba Ɗanlami:

Hajiya haka ne, ran Kirsimetinsu, 7 ga Janairu, nake can,
Fararen mayafai sun cika ramin da bakin tudun,
Na cire takalmi, dutsen da sanyi, ana buga gangan,
Wata tsohuwa ta ɗora goshi a bango, hawaye na zubowa.